Takardar da Na Ba Goggo Dudu

Shekaranjiya a ajin horaswa a Gashuwa, wata daga cikinku ta raɗa wa ƙawarta cewa wannan ai ba aiki ba ne, hira ce da tsofaffi ake biyan mutum a kanta. Na ji ki sarai, 'yata. Kunnena bai mutu ba tukuna, gwiwa ce kawai ta ci amanata. Kun gama jami'a, an ba ku kwamfutar hannu da riga mai tambari, an ce ku shiga gidaje ku gwada ƙwaƙwalwar kakanninku, ku gano wane ne gigin tsufa ya kama, wane ne bai kama ba. Ku a ganinku danna gilashi ne kawai. Ni na haura shekara ashirin ina wannan aiki tsakanin Nguru da Gashuwa da ƙauyukan fadama, tun ana yinsa da fensir. Minti goma aka ba ni in yi muku magana, oga yana ta duba agogo, shi ya sa na ce bari in rubuta sauran.

Ku fara sanin matsayinku. Masu binciken daga nesa suke zuwa, likitoci da malaman jami'a. Ba sa jin Badanci, ba sa jin Barbarci, ba sa jin Fulatanci, wasunsu Hausar ma sai gaisuwa. Mazansu ba sa wuce zaure. Mu ne ƙafarsu, mu ne bakinsu. In an gama sai su koma su rubuta abin da suka gano da sunayensu a sama, mu kuma a ce mana an gode, a karɓe rigar. Ban taɓa ganin sunana a ko ɗaya ba, kuma na daina nema tun tuni.

Gidan farko da na shiga a Nguru yake, bayan tsohuwar tashar jirgi, kuma a bayan Mama Rifkatu na shige shi ina riƙe mata jaka. Tsohuwar nas ce daga Filato, ta yi ritaya ta ƙi komawa gida, Barbarcinta ya fi na wasu Barebarin. Ita ta koya mini aikin, kuma ba da lallashi ba. Muna zama na zaro takarda na gyara murya. Ta mintsine mini cinya da yatsa biyu, har yau ina tuna zafin. Sai da muka sha ruwa, muka gaisa, muka tambayi awaki, muka ji labarin ciwon bayan tsohuwar gidan tun daga farkonsa, sannan Mama ta ce, "Kaka, ni fa kaina ya kwance, yau wace rana ce ma?" Tsohuwar ta ce Talata, har tana mata dariya. Da muka fito Mama ta ce da ni, "Kin ga an amsa tambaya ta huɗu? Wa ya ji kunya? Ni. Haka ake yi. Ke ce za ki zama wawiya a ɗakin, ba ita ba." Wata shida na yi ina ɗaukar jaka kafin ta bar ni in buɗe baki.

Jakar nan ba ta da wani abin burgewa. Fom, fensir uku da reza, tawadar dangwale, sikeli, na'urar awon jini, da ƙaramar tabarma tawa ta kaina, don kada a shimfiɗa mini wadda ta fi ta mai ɗakin. A ƙasa da tsoho ake zama, ko da shi a ƙasan yake, sai ki san yadda za ki ƙanƙantar da kanki. Akwai kuma kwalin ashana. Fom yana cewa a ba mutum fensir ya kwaikwayi zane. Matar da ta shekara saba'in tana saƙa tabarma mai kala huɗu ba tare da ta ɓata layi ɗaya ba, ki miƙa mata fensir, sai ta riƙe shi kamar muciya, ta ce ba za ta iya ba. Mama sai ta jera tsinken ashana a ƙasa ta ce a jera irinsa. A nan ake gane hannun da ya manta da wanda bai taɓa koya ba.

Wani malami a Jakusko, na tambaye shi ko zai iya ƙirgawa daga ashirin ya dawo baya. Ya dube ni ya ajiye carbi. Ya ce, "Malama, mace ta mutu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Raba mini." Na ce ban iya ba. Ya ce to in je in koyo, in na dawo sai ya ƙirga mini. Ban koma ba. Irin waɗannan za ku tarar, da masu sa ran kun zo da magani, da waɗanda suka gaji da ganin masu bincike, don a yankin nan an ɗebi jinin mutane da ruwan rijiyarsu saboda ciwon ƙoda har sun daina tambayar sakamako. Za a ce muku, "An auna mu bara, me aka gani?" Ku tanadi amsar da ba ƙarya ba.

Kada ku ce na raina aikin. Akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Nguru da kullum da safe yake sa hularsa ya nufi tasha, wai zai makara. 'Yarsa ta kai shi wurin masu ruƙiyya har ta ƙare, dangi suna cewa sammu ne, ana nuna maƙwabta da baki. Na zauna da ita a bakin murhu na ce mata ciwo ne, yana da suna, ba wanda ya yi masa, kuma ba laifinta ba ne in ya kira ta da sunan uwarsa. Na ce ta daina gardama da shi, in ya sa hula ta ce masa yau Lahadi ce. Ta yi kuka har girkinta ya kama. Domin irin wannan ranar nake yin aikin, kuma gigin tsufa na gaskiya ba abin wasa ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A fom ɗinmu akwai tambaya biyu a jere: a faɗi sunan miji, a faɗi sunayen 'ya'ya tun daga na fari. Wanda ya tsara su a ƙasarsu yana ganin babu tambaya mai sauƙi kamarsu, duk wadda ta kasa to lallai kanta ya taɓu. Ku da kuka tashi kuna jin ana kiran miji da sunansa a waya, wataƙila ku ma haka kuke gani. Amma kakanninku ba sa faɗin sunan miji, ba sa faɗin sunan ɗan fari, a raye ko a mace, balle Fulani. Kunya ce, kuma tarbiyya ce. Mama Rifkatu ta koya mini hanyar. Ba a tambaya kai tsaye. Tun a zaure kin riga kin ji sunan daga bakin wani. Sai ki ce, "Marigayi Malam Audu ko?" alhali kin san ba Audu ba ne. In kanta daidai yake za ta girgiza shi. Ki sake kawo wani na ƙarya. A na uku ki faɗi na gaskiya, za ki ga ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi. Ta amsa ke nan, kuma ba ki sa ta ta faɗa ba.

Shekarar babbar ambaliya komai ya lalace mana. Mama ta riga ta rasu. Ruwa ya cinye shinkafa da tattasai, ya yanke hanyoyi, muka yi makonni a zaune a Gashuwa ba aiki. Da ruwa ya janye, masu binciken suka ce lokaci ya ƙure, gida huɗu da muke yi a rana ya koma goma sha biyu. Aka kawo sabon oga, saurayi mai digiri biyu, ba mugu ba ne, amma bai taɓa cire takalmi a ƙofar ɗakin tsohuwa ba. Ya rataya wa kowaccenmu rikoda a wuya. Ya ce kowace tambaya a karanta ta yadda take, ba ƙari ba ragi, ba ashana, ba sunan ƙarya, don wai muna taimaka wa mutane suna cin gwajin. Na yi masa bayanin kunya. Ya ce ya fahimta, amma dole a tambayi tsohuwar garin Katuzu daidai yadda aka tambayi ta kowace ƙasa, in ba haka ba lissafin ba zai haɗu ba. Akwati biyu ne a gaban kowace tambaya: ta sani, ba ta sani ba. Babu na uku. A makon nan ya sallami mata biyu daga cikinmu bayan ya saurari rikodarsu. Na ji tsoro, ina da marayu a gida.

Gidan Goggo Dudu shi ne na tara a ranar, a wani ƙauye gaba da Katuzu da bayan ruwan nan sai a kan mashin ake shigarsa. Bafulatana ce doguwa, idonta tar, kuma ita ce ungozomar ƙauyen da rugagen kewaye. Rabin mutanen da suka fito kallona ita ta yanke musu cibiya. Ƙa'ida ta ce a keɓe da tsoho, amma ɗakinta ya rushe da ruwa, sai muka zauna a tsakar gida, ɗanta na fari Malam Buba yana gefe a kan turmi, mai gemu har da furfura. Na ba ta kalmomi uku ta riƙe, ta dawo mini da su tsaf. Na tambaye ta kwanan wata, ta ce sha bakwai ga watan cika-ciki. Fom ɗin watan Bature yake so, na sa ba ta sani ba. Na ba ta fensir, ta juya shi ta mayar mini. Sai na zo kan tambayoyin nan. Na ji rikodar a ƙirjina, na karanta yadda aka rubuta.

"Goggo, mene ne sunan mijinki?"

Ta dube ni, ta dubi matan da ke tsaye, ta yi murmushi ta ce, "Kai, yarinyar nan."

"Ki faɗa mini sunan ɗanki na fari."

Yana zaune taku uku daga inda take. Ta juyar da fuska wajen katanga. Na jira daidai yadda aka ce a jira. Na sa ba ta sani ba, sau biyu. Na san ta sani. Babu wanda zai ce mini kuskure ne, ina kallon fensirin yana yi.

Da na haɗa makin, waɗannan biyun ne suka jefa ta ƙasan layi. Ƙa'ida ta ce duk wanda ya faɗi ƙasan layi a ba danginsa takarda mai hatimi, su kai shi sashen ƙwaƙwalwa a ƙara duba shi. Don alheri aka tsara haka. Na cika, na miƙa wa Malam Buba, na ce ba wani abu ba ne, dubawa ce kawai. Na hau mashin, saura gida uku.

Sai da bazara na ji sauran labarin, a kasuwar Gashuwa, daga bakin wata mai sayar da nono da ta gane ni. Malam Buba ba ya karanta boko. Ya kai takardar wurin mai kemis ranar kasuwa, shi kuma ya karanta ta da ƙarfi a gaban masu zaman benci, ya fassara sashen ƙwaƙwalwa da asibitin mahaukata. Kafin la'asar ƙauye ya ɗauka cewa likitoci sun auna Goggo Dudu sun ce kanta ya juye, har ɗanta ba ta ganewa. Wa zai miƙa matarsa mai naƙuda ga wadda kanta ya juye? Aka daina aiko mata. In ta manta inda ta ajiye ludayi, sai a kalli juna. Malam Buba bai kai ta asibitin ba, ya ce ba zai tona wa uwarsa asiri ba. Ya gina mata sabon ɗaki, ya sa masa sakata ta waje, don wani ya gaya masa masu irin ciwon nan suna fita su faɗa kogi. Saboda so ya yi, wannan ne ya fi ci mini rai.

Na tafi ƙauyen a ranar hutuna. Na zauna da shi a zaure na ce masa uwarsa lafiyarta ƙalau, kunya ta yi, shi ma ya san haka. Ya ce, "Malama, ni ma da haka na zata. Amma ke da kanki kika rubuta, ga hatimi. Likitoci ba su san kunya ba ne? In lafiyarta ƙalau, kawo mini wata takardar mai hatimi in nuna wa mutane." Na koma wurin oga. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin bai yi masa daɗi ba. Amma bayanan sun riga sun tafi, kuma mu ba likitoci ba ne da za mu ba mutum shaidar lafiya, sai dai a kawo ta asibiti. Na ce ɗanta ya rantse ba zai kai ta inda ake kai mahaukata ba. Ya buɗe hannuwa. Sau uku ina komawa ofishin, a na ukun aka ce yana taro.

Na sake hawa mashin in je in gaya musu ban samo ba. Na isa wajen azahar, rana kamar za ta tsaga kai, na tarar da gidan cike da mata. Mairo ce ke naƙuda, 'yar Malam Buba, ta zo haihuwar fari gidan iyaye. Tun asuba take abu ɗaya. An ɗauko wata ungozoma daga ƙauyen gaba, tana ta cewa a yi haƙuri, haihuwar fari ce. Ni kuma sai na ji ana buga ƙyaure daga can ƙuryar gida. Wata ta ce mini, "Rabu da ita, tun safe take surutanta."

Na je na zare sakatar. Goggo Dudu ta rame, muryarta ta dushe don kira. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai takarda. To ji nan. Yarinyar ta shigo wurina a ɓoye ran Juma'a, na taɓa cikin. Ɗan a gicciye yake. Ba zai fito a gidan nan ba ko za a kwana goma. A kai ta Gashuwa yanzu. Na faɗa na faɗa, ba mai jina. Ke za su ji ki."

Na fita zaure da rigata mai tambari da katin aiki a wuya. Ni ban taɓa karɓar haihuwa ba, ko cikin ban taɓa ba. Na ce, "Malam Buba, ɗan a gicciye yake, a nemo mota yanzu." Kalmominta ne, ban ƙara ko ɗaya ba. Kafin in rufe baki maza uku sun hau mashin. Ba a yi rabin awa ba a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, aka shimfiɗa katifa a baya. Na bi su. A asibiti aka shiga da ita tiyata kai tsaye. Mairo ta rayu. Ɗan namiji ne, ba a same shi da rai ba. Nas ɗin da ta fito ta tambaye mu me muka tsaya yi tun safe.

Washegari da hantsi na bi motar da ta mayar da mazan da gawar jaririn ƙauye. Bayan an dawo daga maƙabarta, Malam Buba ya tsaya a gaban Bulama, mai garin, da sauran maza ya ce Allah ne ya jefo ni, ba don ilimina ba da biyu za a binne. Na ce a'a. Na ɗaga murya yadda na cikin gida ma za su ji, na ce ban san komai a haihuwa ba, mahaifiyarsa ce ta gaya mini, ita ta gano tun ran Juma'a, kuma tun asuba take faɗa. Ya dube ni idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah sarki, Malama. Har yanzu kina rufa mata asiri. Allah ya saka miki da alheri." Mazan suka ce amin.

Na shiga wurinta. Tana zaune a bakin gado, an ajiye mata koko ba ta taɓa ba.

"Uwar fa?"

"Ta tashi, Goggo."

Ba ta tambayi labarin jaririn ba, ta ji fitar maza zuwa maƙabarta. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta dube ni.

"Ranar nan da kika tambaye ni, kin san na sani?"

"Na sani."

"To," in ji ta.

Na zauna har zaman ya ishe ni, na yi mata sallama na miƙe. Na bar ƙyauren a buɗe da gangan. Sai ta kira ni. Ta ce in ja shi in sa sakatar yadda na same ta, don in wancan mai gemun ya zo ya tarar a buɗe, matarsa zai yi wa faɗa, ita kuwa baiwar Allah 'yarta na kwance a asibiti, ba ta da ƙarfin faɗa yau.

Na ja ƙyauren. Da hannuna na sa sakatar.